Ranar da Na Ɗauko Tukunyar Garinmu

Malamin asibiti ya ce in rage gishiri, in rage fushi. Gishirin na rage. Fushin kuwa, da na tuna da walimar da na yi a gidana kakar bara waccan sai in ji ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Abin da ya fi ƙona mini rai, duk wanda na ba labarin dariya yake yi, har da riƙe ciki.

Ni ba mai ilmi ba ne. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, aka gwabza, jahilci ya yi nasara, na tsira da ɗan abin da nake rubuta wannan da shi a karkace. Amma ko ban yi boko ba na san bambancin zama da taro. Zama na shirya. Taro kawo mini shi aka yi.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Ruma. Da ɓarayin daji suka matsa mana muka watse, wasu suka tsaya Wagini, wasu muka shigo Batsari, wasu ma ban san inda suka nufa ba. Na samu ɗan gida a gefen gari, ɗaki biyu da zaure da bishiyar bedi a tsakar gida, ni da uwar yarana. Yaran duk sun kama gabansu.

Ina da yaya mace a Tsaskiya, can ƙasar Safana. Ita ta raine ni. Innarmu ta rasu ina rarrafe, Yaya ta goya ni, da aka yi mata aure ma da ni aka kai ta, kamar kayan ɗaki. To, sai ɗanta da ke tuƙin mota a Kaduna ya bugo waya ya ce da an gama girbi zai zo ya ɗauke ta gaba ɗaya. Idonta ya yi rauni, ƙauyen kuma ba kwanciyar hankali. Ban yi masa musu ba, gaskiya gare shi. Amma na san a shekarunmu wanda aka kai Kaduna ba lallai ne ku sake haɗuwa ba.

Akwai abin da ban taɓa tambayarta ba. Ban san kamannin Innarmu ba. A wani gari ta haife ni, a can kuma ta rasu, mutanen ƙauyenmu ba su san ta ba. Ba hoto, ba kowa da ya rage a duniya wanda ya gan ta da idonsa sai Yaya. Ina yaro ban damu ba, na girma kunya ta hana ni, na tsufa hanya ta lalace. A waya kuwa ba a magana da Yaya, ihu take yi tana tambayar wa ke magana har layi ya yanke. Abin da nake so kawai in zauna kusa da ita a kan tabarma, ba mai katse mu, in ce Yaya, ba ni labarin uwata.

Na roƙi ɗan nata ya kawo ta Batsari ta yini. Ya yarda, amma ya ce da an yi la'asar za su juya, don ba mai hankalin da ke bin hanyar nan in rana ta yi sanyi. Na ce na ji.

Sai na tsara abina, kuma har gobe ina cewa tsarin nan ba shi da aibu. Ba rumfa, ba kujerun roba, ba lasifika, ba yanka. Tabarmi a gindin bedi. Shinkafa da wake da mai da yaji, da ɗan nama daga wurin taubashina, wanda mahauci ne a kasuwa. Mutane kuwa Yaya da ɗanta, da taubashin, da liman don addu'a, da maƙwabta biyu don kada su ji ƙamshi su ƙullace ni. A ci, a shafa fatiha, kowa ya kama hanya, ni kuma in ja tabarmata zuwa wurin Yaya.

Uwar yara tana fama da gwiwa. Tausayinta ne ya kai ni ya baro.

Na ce mata, "Ba za ki yi ta tashi-zauna a kan murhu uku ba. Tukunya ɗaya babba, wuta ɗaya, a sauke a huta."

Ta ce, "Tukwanena sun isa, Malam. Mutum nawa ne duka?"

Na ce, "Ba su isa ba. Ta garinmu zan aro."

Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta dube ni. "Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Gari ya watse, al'ada ta watse da shi. Ƙarfe ne kawai yanzu."

Ta ce, "To. Kai ka sani." Ta ci gaba da shara. Shekarun da muka yi tare, da ta ce kai ka sani ya kamata in zauna in sake tunani. Ban zauna ba.

Bari in yi bayanin tukunyar. A garinmu akwai wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, wadda babban mutum zai iya tsugunawa a ciki. Ba ta kowa ba ce, ta gari ce, tun zamanin iyayenmu. A cikin gari ba a raba goron gayyata. In an ga an ɗauki tukunyar nan an nufi wani gida, gayyatar ke nan. Wanda ya gani ya faɗa wa wanda bai gani ba, kowa ya zo da abin da ya sawwaƙa, itace ko tsaba ko kaza. Wanda ya ji labari bai zo ba, gaba ya ƙulla da mai gidan. Ranar da muka gudu, tsohuwar ungozomarmu ta bar gadonta da awakinta, amma ta sa aka ɗora mata tukunyar a kan jaki. Tana ajiye a ɗakinta a Wagini, kuma tun daga ranar ba a sake ɗora ta a wuta ba.

Ana gobe Yaya za ta zo na hau acaɓa na tafi Wagini. Ban lura ranar kasuwar Batsari ce ba. Ina faɗa wa tsohuwa abin da ya kawo ni ta ɗaga kai za ta rangaɗa guɗa, na yi wuf na ɗaga mata hannu.

"Iya, ki rufa mini asiri. Ba biki ba ne. Aro ne kawai, gobe in dawo da ita."

Ta ce, "To, to, ɗan nan. Allah shi sanya alheri, Allah shi kai mu goben."

Ban ji daɗin wannan kai mu ɗin ba.

Na naɗe tukunyar da buhu da tsohuwar tabarma. Jiki ya rufu, ƙafafu suka ƙi. Ɗaya daga cikinsu ta taɓa karyewa maƙeri ya ɗora ta a karkace, ba ɗan garinmu da bai san gurguwar ƙafar nan ba. Ɗan acaɓa ya kife ta a baya ya ɗaure da roba, ni kuma na matse tsakaninsa da ita, gemuna a kan kafaɗarsa, ƙafafun tukunya sun miƙe a bayana kamar ƙahoni. Duk ramin da muka faɗa sai ta yi ƙara kamar ana buga ƙarfen tashi daga makaranta.

Hanya cike da masu zuwa kasuwa, wasu a jaki, wasu a babur, wasu a ƙafa. Ba mu yi nisa ba na ji wata mata ta kwarma ihu, "Jama'a, tukunya ta hito!"

Na waiwaya na ce, "Ba ita ba ce!"

Wani mai jaki ya ce, "Haba Malam, ga gurguwar ƙafar nan tana gaishe mu!"

Na ce wa ɗan acaɓa ya ƙara wuta. Shi kuwa a daidai nan ya ga surukinsa, ya rage gudu ya tsaya gaisuwa, har da tambayar yadda wake ya yi. Na mintsine shi a cinya, ya ce, "Baba, lafiya?"

Hanyar gidana ta gefen rumfar mahauta ta bi. Taubashina na ganina ya ajiye wuƙa ya riƙe ƙugu.

"Kai bawana, wa ya haihu? Kai ko tsohuwar gidanka?"

Na sauka na ja shi gefe. "Don Allah, yau ɗaya ka yi hankali a rayuwarka. Mutanenmu sun ga tukunyar nan. Duk wanda ya zo sayen nama ka faɗa masa ba taro nake ba, kada kowa shi zo."

Ya dafa ƙirji. "Ka bar mini wannan. Ubangida ai ba ya barin bawansa shi kunyata."

Daga baya na ji yadda ya isar da saƙon. Duk ɗan garinmu da ya tsaya a gabansa sai ya ce, "Bawana ya ce in faɗa maka kada ka zo gobe da hantsi, gidan nan mai bedi a gefen gari, in ka wuce injin niƙa ka yi dama. Kada ka zo fa." Har wanda bai ga tukunya ba, ya samu kwatance.

Washegari ina dawowa daga masallaci na tarar da wata mata a ƙofar gida da ƙunshin itace a ka. Kafin in gama ce mata an yi kuskure, ga wasu biyu da ƙwaryar gero. Zuwa hantsi itacen da aka jibge ya fi katangata tsawo. Mutanen Wagini, mutanen da suka maƙale a Ruma, har waɗanda na ɗauka sun mutu, duk ga su. Mata suka mamaye tsakar gida, suka ture tabarmina gefe, suka kafa murhu a daidai inda na ware wa Yaya. Uwar yara, mai ciwon gwiwar nan da na yi duk wannan don ita, na hango ta tana tsallake turmi tana ba da umarni, baki har kunne. Wani ya jawo akuya, taubashina ya kwantar da ita ya yanka a gindin bedina, ko kallona bai yi ba. 'Yan sa-kai suka zo bincike don sun ga cunkoso, suka jingine bindigoginsu suka nemi kwano.

Ana cikin haka motar Yaya ta iso. Na taho da sauri in buɗe mata ƙofa, mata suka riga ni. Guɗa ta tashi, aka rungume ta, aka yi ciki da ita kamar an ɗauki amarya, aka shige ɗakin uwar yara aka saki labule. Namiji kuwa ba ya kutsawa ɗakin da matan mutane suka cika, ko da shi ya gina ɗakin da hannunsa.

Ni aka dasa a zaure. Wanda bai san gaisuwarmu ba ba zai gane azabar da na sha ba. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya gida, ya baƙunta, ya aka ji da gona, wannan duk shimfiɗa ce. Mutanen nan sun yi shekaru ba su haɗu ba, kowa na ɗauke da gaisuwar mutuwar da bai yi ba da jajen shanun da bai yi ba. Sai wannan ya ce ashe wane ya rasu, a ɗaga hannu a yi fatiha. Kafin a shafa wani ya shigo, a sake daga ina kwana. Hannuna ya yi ta hawa da sauka har kafaɗata ta ƙage. In dattijo ya tashi tafiya kuma dole in taka masa zuwa kan kwana, in dawo in tarar da uku sun maye gurbinsa. Ina amsa lafiya lau, lafiya lau, idona na kan inuwar katanga tana ta matsowa.

Na gwada dabara. Na shiga tsakar gida da sallama, mata suka yi mini caa, "Maigida, koma zaure, nan ba wurinka ba ne!" A gidana! Na ce maganina zan ɗauko a ɗaki. Uwar yara ta miƙo mini shi ta gefen labule, ko fuskarta ban gani ba. Abin da na hango ta ƙasan labulen tafin ƙafar Yaya ne, da muryarta tana dariya tana cewa, "Ke ce? Ke ce wannan? Matso in taɓa ki."

Na koma zaure na yi shelar cewa abinci ya ƙare, Allah ya ba kowa lada, a yi haƙuri. Taubashina ya leƙo da hannu duk mai ya ce, "Kada ku ji ta tasa, yunwa ce ke sa shi sambatu. An ɗora sabon zubi, kowa shi zauna!" Aka yi dariya aka gyara zama. Na dube shi, wallahi da wuƙarsa na kusa da ni da liman ya yi aiki biyu a ranar.

Bayan azahar na ƙudura cewa ko za a zage ni sai na shiga. Na miƙe ke nan wani tsoho ya kama hannuna. Maƙwabcinmu ne a can gida, ya girme ni nesa, 'ya'yansa biyu aka kashe masa a gona. Ya riƙe ni da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Kai ka tara mu. Na ɗauka sai a lahira." Bai sake ni ba. Yana ta lissafa mini gidajen unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, daga bakin rijiya har gindin kuka. Ta yaya zan fizge hannuna daga wannan? Na zauna. Fushi na cina, kuma ba wanda zan sauke wa. Wannan shi ne fushin da ya fi kowane muni, har yau bai gama fita daga jikina ba.

Aka kira la'asar. Muna sallamewa ɗan Yaya ya matso ya ce, "Kawu, rana ta karkata."

Aka fito da ita ana rirriƙe da ita, mata na kuka suna neman gafara. Ta lalubo fuskata ta ce, "Ɗan auta, ka rame." Yinin da na shirya, abin da na samu ke nan.

Aka sa ta a mota. Sai na ɗaga murya yadda duk zaure zai ji na ce, "Bari in taka wa Yaya zuwa bakin titi." Ba wanda zai hana mutum rakiyar yayarsa. Na shige baya kusa da ita na ja ƙofa, da silifas ɗin alwala a ƙafata.

A bakin titi ɗanta ya rage gudu. Na ce, "Ƙara gaba kaɗan." Ya ƙara. Muka wuce gidajen ƙarshe ya sake dubana ta madubi. Na ce, "Tahi dai."

"Kawu, baƙinka fa?"

"Wanda ya gayyace su shi sallame su. Kai dubi hanya."

Yaya ta lalubo hannuna ta riƙe. Da ta buɗe baki sai na ji muryar ta tafi, gaisuwa ta cinye ta, saura wani ɗan shaƙe-shaƙe. Na kai kunnena bakinta. Ta ce, "Allah shi yi maka albarka. Ka haɗa ni da kowa kafin in tahi. Ban san kana da hankali haka ba."

Na ce, "Ai na daɗe ina shiryawa, Yaya." In mutum ya yi asarar yini, ba zai ƙi albarkar da ta faɗo masa ba.

Hanya duk ramuka, yaron na gudu yana duban daji hagu da dama. Na ga in ban tambaya yanzu ba shi ke nan. Na ce, "Yaya, Inna fa? Yaya take?"

"Wa?"

"Innarmu. Kamanninta."

Ta juyo da fuskarta wajena. Can ta ce, "Mi ya tuno maka da ita yau?" Ta yi tari. "Doguwa ce. Baƙa, da wushirya. In tana daka sai ta yi ta faɗa da turmi, kamar ya yi mata laifi. Kai ba ka biyo ta ba ko kaɗan. Baba ka biyo, gajere, ga surutu."

"Sai mi kuma?"

"Ranar da aka haife ka kuwa..." Mota ta faɗa rami, tari ya sarƙe ta. Na ba ta ruwa ta kurɓa. Na jira ta ci gaba. Sai na ji kanta ya sauka a kafaɗata. Tsohuwa ta yini tana magana da gari guda, barci ya ɗauke ta. Na ɗaga hannu zan tashe ta, na kasa.

Mun isa Tsaskiya da sauran rana, muka tarar maƙwabtanta sun cika gida suna jiran su yi bankwana. Su ma suka shige da ita ɗaki. Na kwana a zaure, da safe aka ɗaure kayanta a saman mota. Ta ɗago hannu tana yi mini sallama, amma wajen wani mai tura kura take ɗagawa, ni ina ɗaya gefen.

Na dawo Batsari a bayan babur da silifas ɗina. Uwar yara ta yi kwanaki ba ta ce mini ci kanka ba, wai na bar ta da kunyar mutane. Taubashina ya baza a kasuwa cewa shi bai taɓa ganin bawan da ya gudu daga walimarsa ba sai nasa. Mutanen garinmu kuwa har yau in mun haɗu sai sun yi mini addu'a, ni kuma in ce amin ina cizon haƙora.

Yaya na nan da rai a Kaduna, amma ɗanta ya ce hankalinta ya fara tafiya yana dawowa, wani lokaci shi kansa sai ta tambaye shi ɗan wane ne. Doguwa, baƙa, mai wushirya, mai faɗa da turmi. Abin da suka bar mini na uwata ke nan, mutanen da suka cinye mini shinkafa suka cinye mini yini. Abin da ya faru ranar da aka haife ni kuwa, ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya.